Ƙaramin asibiti babu injin ƙona shara: ina za a kai allura, audugar jini da mabiyiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce aka ba riƙon wani ƙaramin asibitin gwamnati a mazaɓarmu. Muna awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafin yara da gwajin zazzaɓi. Ba mu da injin ƙona shara. Abin da na tarar shi ne ana tara komai a bayan ɗakin haihuwa, ƙarshen mako mai shara ya zuba kananzir ya cinna wuta. Yara suna tsallako katanga suna tsintar sirinji, maƙwabta suna kukan hayaƙi, da damina kuma ruwa ya kwashe ragowar ya yi kwata da ita. Me za mu iya yi da ɗan abin da ke hannunmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya taya ki riƙo, ya saka miki da alheri da kika zagaya bayan ginin kika gani da idonki. Aikina duba-gari ne, kuma kan sharar asibiti na fi daɗewa, don haka zan yi miki magana yadda zan yi wa ƙanwata da muke aiki tare.

Rashin injin ƙona shara matsala ce, amma abin da ya fi tayar min da hankali a bayaninki shi ne tara komai wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida: kwalin magani, takarda, ledar ruwa, ɓawon lemo, ragowar abincin masu jinya. Kashi 15 ne mai haɗari. To amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da zarar allura ɗaya ko audugar jini ta faɗa kwandon takardu, kwandon gaba ɗayansa ya zama mai haɗari, dole a bi da shi yadda ake bi da allurar. Ke nan tsibin da mai shararku ke fama da shi ya ninka yadda ya kamata ya zama sau shida ko bakwai, kuma a ɗakunan aiki aka ninka shi tun kafin ya isa bayan gini.

Hannun da ya yi aikin shi ke rarrabe sharar, a daidai lokacin da ya gama. Wadda ta yi allura ita za ta jefa sirinjin inda ya dace, wadda ta wanke ciwo ita za ta jefa audugar inda ya dace. Idan an riga an cakuɗa, shi ke nan, kada ki taɓa bari wani ya sa hannu a leda da sunan tsincewa. A ɗaure ta a ɗauke ta a matsayin mai haɗari. Saboda haka duk inda ake taɓa mara lafiya, ɗakin allura ne, ɗakin haihuwa, teburin gwaji ko wurin rigakafi, ya zama akwai mazubi uku kusa da hannu, yadda ma'aikaciya ba sai ta taka ba: baƙi na sharar gida, ruwan ɗorawa na duk abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, sai kwalin allura. A tsarin da ake bi a Najeriya akwai kuma ja, na abin da haɗarinsa ya fi tsanani kamar naman jiki da kayan da suka jiƙe sharkaf da jini, da ruwan ƙasa na magunguna da sinadarai. Idan ledoji masu launi sun gagara, sayi bokitai masu murfi a kasuwa, a shafa musu fenti, a zana hoton abin da ke shiga kowanne, a rubuta da Hausa, boko da ajami. Rubutun Turanci a jikin kwandon da mai shara ba ya karanta shi bai tsare kowa ba. Kuma bokitin da ya zama na shara ya zauna a na shara, kada a ari shi a ɗebo ruwa ranar da famfo ya ɗauke.

A cikin duk sharar nan allura ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki mutum, yiwuwar ya kamu da HIV kusan kashi 0.3 ne cikin 100, ciwon hanta nau'in C kusan kashi 1.8, amma ciwon hanta nau'in B yana kai kashi 30. Ma'aikatanmu HIV suka fi tsoro, alhali mai saurin kama su shi ne ciwon hanta. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu, mafi yawansu kuma ba su sani ba. Ƙwayar cutar tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai. Ki lissafa da kanki: mata nawa ke zuwa awo a mako, allura nawa ake yi musu, kuma kwana nawa alluran ke zube a bayan gini kafin a cinna wuta. Yaron da ya tsinci sirinji yana fesa wa ɗan'uwansa ruwa, wannan haɗarin yake wasa da shi.

Kwalin allura, wanda muke kira sefti bos, mai cin lita 5 yana ɗaukar sirinji wajen ɗari. Ana gama allura a jefa sirinjin da allurarsa a haɗe. Ba a mayar da murfi, ba a lanƙwasa allura, ba a cire ta da hannu. Mayar da murfi da hannu biyu yana cikin manyan hanyoyin da ma'aikata ke soke kansu, kuma ɗabi'a ce mai wuyar bari, sai kin riƙa tsayawa a ɗakin allura kina gyara wa mutane ba tare da cin fuska ba. Cikin kwalin nan ne kuma tsinken huda yatsa na gwajin zazzaɓi ke shiga, da allurar kanula, askar tiyata, allurar ɗinki da fasasshiyar kwalbar allura. Auduga da safar hannu ba sa shiga, cika shi kawai za su yi. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi. Ba a girgiza shi don ya ƙara ci, ba a danna abin da ke ciki, ba a ajiye shi a jiƙaƙƙen ƙasa tunda kwali ne. Abin da na fi ƙi, kuma ana yi saboda ƙarancin kwalaye, shi ne a zazzage cikakken kwali a rami a dawo da shi ɗaki. Wanda ya zazzage ya shiga haɗari, alluran kuma sun koma warwatse. Idan kwalaye sun yanke, nemi jarka mai kauri irin ta man girki, mai ƙaramin baki da murfi, a rubuta a jikinta. Robar ruwan sha da kwalin taliya allura na huda su.

Jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma yana ba da kwalayen tare da magungunan rigakafi da sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya. Amma wannan kason na rigakafi ne. Alluran ɗakin jinya da na haihuwa sai kin yi musu nasu tanadin, in ba haka ba kullum za ki riƙa cin na rigakafi kina rasa duka biyun.

Akwai kuma allurar da tun farko bai kamata a yi ta ba. Ana yin allura wajen biliyan 16 a duniya duk shekara, kuma da yawa daga cikinsu ƙwaya za ta yi aikinsu. Kin san mutanenmu, wani idan ba a yi masa allura ko ƙarin ruwa ba gani yake ba a duba shi ba, ma'aikaci kuma don gudun surutu sai ya biye masa. Zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba, mara lafiya yana iya haɗiya, ƙwaya ce maganinsa. Duk allurar da kika hana a yi ba bisa buƙata ba, kin rage abin da za ki nemi inda za ki kai.

Cikakkun kwalaye fa? Mafi kyau shi ne su bar asibitinki a rufe, a kai su babban asibiti ko wata cibiya mai injin ƙonawa na ƙwarai. Wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin gangamin rigakafin ƙyanda haka ake yi, a tattara kwalayen mazaɓu a ƙaramar hukuma a wuce da su. Kwalaben rigakafin shan inna nau'i na biyu ma ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya a mayar, har waɗanda aka shanye. Tunda hanyar tana nan lokacin gangami, ki nemi daraktan lafiya na ƙaramar hukuma a riƙa bin ta a sauran watanni, motar da ta kawo rigakafi ko ta zo duba aiki ta koma da kwalaye, amma ba a cikin akwatin sanyi ba, ba kuma a jikin kayan magani ba. Kafin a zo ɗauka ki ware ɗan ɗaki ko akurki mai rufi da kwaɗo, inda ruwa ba ya shiga, makullin a hannun mutum ɗaya. Kwalin allura da aka rufe yana iya jira, ba kamar ledar jini ba.

Idan ɗaukar ta gagara akwai hanya biyu da za ki iya da magini na gari. Ta farko ramin allura: rami mai ginin siminti ta ciki, a rufe shi da murfin kankare, a bar bututu mai murfi a tsakiya. Ana haɗa shi da ɗan abin guntule allura, sai ƙarfen kawai ya bi bututun, robar sirinjin ta bi sharar ruwan ɗorawa. Rami mai mita ɗaya kacal ta kowane ɓangare zai yi wa ƙaramin asibiti shekaru masu yawa. Ta biyu ita ce daskarewa: a zuba alluran a duro, idan ya kai kashi uku cikin huɗu a kwaɓa siminti a cika, ya bushe, a rufe a binne. Allurar da ta daskare a siminti ba yaron da zai tsince ta, ba mai shaye-shayen da zai sake amfani da ita.

Yanzu maganar wuta. Mutane suna ɗauka duk abin da wuta ta taɓa ya tsarkaka, amma wutar fili ba ta da zafin da ake buƙata. Injin ƙonawa na zamani yana aiki ne a digiri 850 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyos. Tsibin da aka watsa wa kananzir bai kusanci haka ba, samansa ya ci, cikinsa ya turare. Jiƙaƙƙiyar auduga ba ta ƙonewa, ƙarfen allura ba ya narkewa, sai dai robar ta tafi ta bar shi tsirara cikin toka. Rufaffun kwalabe suna fashewa su yi tsalle. Sannan hayaƙin da maƙwabtanku ke kuka da shi, suna da gaskiya fiye da yadda suka sani. Robar ƙarin ruwa, robar fitsari da ledar jini mafi yawansu da roba nau'in PVC ake yin su, kuma idan ta ƙone a wuta mara ƙarfi tana fitar da guba da ake kira dayoksin da furan. Waɗannan suna haddasa ciwon daji, suna taɓa garkuwar jiki da girman ɗan tayi, ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a kitse. Kazar da ke tono a tokar tana kai su cikin ƙwai, akuya tana kai su cikin nono. Suna cikin gubar da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta nemi ƙasashe su rage, Najeriya kuma ta sa hannu. A ce wannan hayaƙin a bayan ɗakin haihuwa yake tashi, inda masu ciki da jarirai suke, wannan kaɗai ya isa a matsar da wurin gobe.

Akwai murhun ƙona shara na bulo da aka tsara a Jami'ar De Montfort ta Ingila domin ƙananan asibitoci irin naki. Ɗaki biyu ne da shi, na farko ya ci sharar, na biyu ya ci hayaƙin, da dogon bututu. Idan an gina shi da bulo mai jure wuta, aka fara zafafa shi da itace kafin a zuba shara, ana kuma zubawa kaɗan-kaɗan, yana kai digiri 800. Na ga da yawa da suka tsage cikin ɗan lokaci saboda an yi su da bulon siminti na gina gida, wasu kuma lafiyarsu ƙalau amma ba a koya wa kowa sarrafa su ba, sai aka mai da su mazubin shara mai bututu. Idan wata ƙungiya ko ɗan majalisa ya yi muku tayin ginawa, ki karɓa, amma ki dage a kan irin bulon, da horar da mutum biyu, da ramin toka mai murfi a gefe. Baƙin hayaƙi mai kauri alama ce wutar ba ta yi ƙarfi ba ko an cika shi da yawa.

Kafin a samu wannan, na san ba za ki iya daina ƙonawa rana ɗaya ba. To a yi ta cikin rami mai shinge, nesa da ɗakuna, busasshiyar shara kawai, da yamma bayan an sallami mutane, a lura iska ba gidaje ta nufa ba. Ɗan kananzir na tayar da wuta ya isa, fetur kuwa ko kusa. Mai ƙonawa ya tsaya har ta mutu, sannan ya rufe da ƙasa. Robobin PVC, batir, gwangwanin feshi da na masu asma, rufaffun kwalabe, magungunan da suka lalace, abin da aka jiƙa da ruwan bilic, da fasasshen ma'aunin zafin jiki mai zaiba, duk ba sa shiga wuta.

A wurina, ga ƙaramin asibitin ƙauye, ramin binnewa da aka yi shi bisa ƙa'ida ya fi wutar fili aminci. Ya yi nisan aƙalla mita 50 daga rijiya, burtsatse ko rafi, a gangaren da ruwa ba ya bi ya nufe su. Gindinsa ya tsaya mita 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, kuma da ruwan damina ake aunawa. Leƙa rijiyar da ta fi kusa da ku a watan Agusta, inda ruwanta ya tsaya shi ne ma'auninki. A ƙasar fadama irin ta kwarin Haɗeja ruwa yana kusa sosai, rami mai zurfi bai dace ba, can sai an dage a kan ɗauke sharar. A yi wa ramin kunya a kewaye don kada ruwan sama ya gangara ciki, a sa rumfar kwano, a kewaye da waya mai ƙofa. Duk zubi a bi shi da ƙasa mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Idan saura rabin mita ya cika a rufe shi gaba ɗaya, a sa alama mai ɗorewa don kada wanda zai gaje ki ya shuka zogale ko ya haƙa rijiya a wurin.

Sharar baƙin mazubi kaɗai ke zuwa bolar gari. Kin san bola a wurinmu ba ƙarshen tafiyar shara ba ce. 'Yan jari-bola suna tona ta da hannu, awaki suna kiwo a kai, manoman kewayen Kano da wasu garuruwa suna sayen ta a matsayin taki su watsa a gona. Allurar da ta shiga bola tana iya ƙarewa a ƙafar mai noma da ba shi da takalmi. Haka robar ƙarin ruwa da ƙananan kwalabe, a huda su ko a mayar da su, don kada su dawo kasuwa ɗauke da manja ko turare.

Tara shara har mako guda ya yi yawa ƙwarai. A ƙasa mai zafi irin tamu, shara mai ɗauke da cuta ba ta wuce awa 24 da bazara, awa 48 da hunturu. Bayan wari da ƙuda akwai ɓera, shi kuwa ɓera shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma kusan duk rani sai ya ci ma'aikatan lafiya a ƙasar nan.

Mabiyiya tana da nata hukuncin, domin a wurinmu ba shara ba ce. Al'ada ce dangi su karɓa a wanke a binne a gida, kuma ban ga dalilin yaƙi da wannan ba. Asibitin da ya hana mutane mabiyiya zai kori mata su koma haihuwa a gida, wannan kuwa ya fi haɗari. Abin da ke kanki shi ne yadda za ta fita. A sa ta a leda biyu a ɗaure, a sa a ɗan bokiti mai murfi, a ba wadda za ta wanke safar hannu, a ce mata ta binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba, nesa da rijiya, ruwan wankin kuma ya bi ramin. Ki yi wa kowace mai jego haka iri ɗaya. Idan sai mai HIV ko ciwon hanta ake ninka wa leda ana ba danginta safar hannu, kin tona mata asiri ba tare da kin buɗe baki ba. Inda ba a bayarwa sam shi ne idan ana zargin Lassa ko makamanciyarta, nan sai a zauna da mijin da iyaye mata a yi musu bayani cikin mutunci, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka. Wadda ba a karɓa ba tana shiga ramin mabiyiya, mai murfin kankare da bututun iska, aƙalla mita 30 daga ruwan sha. Ba a jefa ta da ledarta, ba a zuba bilic a ramin don yana hana ruɓewa. Tokar itace ta isa ta kashe wari.

Jinin da ya zuba a ƙasa ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 ake sa masa. Duba jikin kwalbar. Idan an rubuta kashi 3.5, kamar yadda aka saba gani a Jik da Hypo, kofi ɗaya na bilic ne a kofi shida na ruwa. A fara tsane jinin da tsumma ko takarda a jefa a mazubi mai launin ruwan ɗorawa, a wanke da sabulu, sannan a zuba haɗin a bar shi minti goma. Kullum sabo ake haɗawa, rana da zafi suna kashe ƙarfinsa. Aman mai kwalara da bayan gidansa sai mai kashi 2. Ruwan wanke-wanken ɗakin haihuwa masai ko sokawe yake shiga, kada ya bi kwata ya fita unguwa.

Maganin da wa'adinsa ya wuce a ƙirga shi a rubuta, a mayar ma'ajiyar ƙaramar hukuma. NAFDAC ce ke da alhakin sa ido a lalata shi. Kwalayen magani da babu komai ciki a yaga su kafin a zubar, masu jabun magani suna neman su. Ma'aunin zafin jiki idan ya fashe, a buɗe tagogi, a tattara zaibar da kati a sa a kwalba mai murfi, ba da tsintsiya ba, kuma ki riƙa maye gurbinsu da masu batir.

Sai mutumin da duk wannan ke ƙarewa a hannunsa. Mai shara a ƙaramin asibiti galibi dattijo ne ko dattijuwa, wani ma ba a ɗauke shi aikin dindindin ba, shi ya fi kowa ƙarancin albashi, da silifas yake aiki, kuma idan an kira horo ba a sa sunansa. Amma shi ke rungumar ledar da kowa ya jefa abin da ya ga dama. Wannan yana ci min rai, kuma ina roƙonki ki fara da shi. Safar hannu ta duba mara lafiya ba ta tsare shi daga komai. Mai kauri yake buƙata wadda ta kai gwiwar hannu, da takalmin ruwa, rigar leda ta gaba da takunkumi. A koya masa ɗaure leda idan ta kai kashi uku cikin huɗu, ya riƙe ta a wuya nesa da jikinsa, kada ya saɓa ta a kafaɗa ko ya danna ta da ƙafa. A ware masa baro na wannan aikin kaɗai, da ruwa da sabulu a kusa da ramin. Sannan a yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba shi da shi a yi masa rigakafi, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. A haɗa da ta sarƙe-haƙora. Haka maigadi, masu aikin sa-kai da ɗaliban da ake turo muku, har ke kanki idan ba ki kammala ba.

Ranar da allura ta soki wani, kowa ya san abin yi tun kafin ta faru. A wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu. Ba a matsewa, ba a tsotsewa, ba a zuba bilic. A faɗa miki nan take, ko da dare ne. Maganin kariya daga HIV ana fara shi cikin awa 72, amma awannin farko sun fi, kuma kwana 28 ake sha ba fashi. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta ba a fara masa a ranar, idan akwai allurar garkuwa ta gaggawa a haɗa masa, an fi so cikin awa 24. Nau'in C ba shi da rigakafi, sai a bi da gwaji, yanzu kuma yana da maganin da ke warkarwa. Ki san asibiti mafi kusa da ke ba da maganin HIV, ki rubuta lambar mai kula da sashen ki manna a bango. Kuma kada a yi wa wanda ya kawo rahoto faɗa. Ma'aikacin da aka tsawata wa sau ɗaya, na biyu ɓoyewa zai yi.

Batun kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Idan asibitinki na cikin masu karɓa, ki sa ledoji, kwalayen allura, bilic da kayan kariyar mai shara a tsarin kashe kuɗinku a matsayin abin da ake saye kowane zango, kamar magani. Haƙa rami, shinge da ƙara tsayin katanga kuwa aikin gayya ne idan kwamitin ci gaban mazaɓa ya tsaya. Ki gayyaci shugaban kwamitin da mai unguwa da liman su zagaya bayan ginin tare da ke, har da maƙwabtan da ke ƙorafi, domin wanda hayaƙi ya dama shi ya fi saurin kawo shebur. Kafin a sara ƙasa ki kira duba-garin ƙaramar hukumarku ya auna tazarar wurin da rijiyoyi. Ki buɗe littafi guda kina rubuta kwali nawa ya cika a mako, leda nawa aka binne, wa ya ɗauki me da ranar da ya ɗauka. Bayan wata uku ki rubuta wa daraktan lafiya takarda da waɗannan alƙaluma kina neman a sa asibitinku a jerin waɗanda ake ɗaukar wa kwalaye, ki sa kwanan wata, ki ba shugaban kwamiti kwafi ɗaya ki riƙe ɗaya.